Jawabi ga makiyaya: muzurun da ke shigowa yana fitsari cikin ɗaki



Yau ba zancen shanu ya kawo ni ba. Mata da dama sun kawo mini kuka: muzuru baƙo yana shigowa da dare, ya bar wari jikin buhun gero, bangon ɗaki, har wajen ƙwaryar nono. Kun san nonon da ya ɗauki wari, ba mai saye a kasuwa.

Ku lura, wannan ba fitsarin matsuwa ba ne. Muzuru yana tsaye, ya ɗaga wutsiya tana rawa, ya fesa kaɗan a jikin bango. Shaida ce yake sawa, wai nan wurinsa ne. In warin ya zauna, zai dawo ya ƙara, wani ma ya zo ya sa tasa.

Abu biyu ke kawo shi: abinci da mace. Mussa, wadda wasu ke ce wa kyanwa, tana fara neman namiji tun tana wata 5 ko 6. In ba ta ɗauki ciki ba, abin yana dawo mata kowane sati 2 zuwa 3.

To, me za mu yi?

Na farko, ku rufe nono, kilishi da busasshen kifi. Ku ba mussarku abinci da rana, kar saura ya kwana a tsakar gida. Ƴan tsaki su kwana cikin akurki.

Na biyu, ku toshe hanya: ƙarƙashin ƙofa, taga, bakin rumbu. Ragar waya ko ƙaya ta isa.

Na uku, ku kashe warin. In daɓe ne, a kankare ƙasar a zuba sabuwa. In siminti ne, a wanke da ruwan ɗumi da Omo, a ɗauraye, a bari ya bushe. Kar a sa ruwan jabel, warinsa yana jawo su.

Na huɗu, in kun gan shi, ku watsa masa ruwa ya gudu. Ban da guba. Maganin kusu da aka sa don muzuru, kaji ke ci, ko kare, ko yaro mai rarrafe.

Maganin da ya fi duka shi ne fiɗiya. Cikin muzuru 10 da aka fiɗiye, kusan 9 suna daina wannan hali ko su rage shi ƙwarai. Ku yi magana da mai shi cikin lumana. Amma ba a dandaƙe shi kamar bijimi. Aikin likitan dabbobi ne, da allurar barci.

Sai abu biyu da ba na wasa ba. Kashin mussa cikin dusa ko harawa yana iya sa tumaki da awaki ɓari, don haka ku rufe ɗakin abincin bisashe. Kuma kar a kama baƙon muzuru da hannu, yana iya ɗauke da ciwon haukan kare. Wanda ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ranar nan, ba gobe ba.

Ba mu ce a kore su duka ba, don gidan da babu mussa, kusu ke sarauta a rumbu. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu lafiya, mu da dukiyarmu.