Barmani Choge da Ƙwaryar Matan Karkara

A Tsiga da ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, da wuya a sami macen da ta manyanta ba ta san muryar Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ba. 'Yar ƙasar Funtua ce, kuma a 2013 Allah Ya yi mata rasuwa, ta bar 'ya'ya da jikoki.

Kayan kiɗanta na cikin gida ne. A kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babban masaki, mata su zauna su kewaye ta, su buga da 'yan sanduna, Barmani kuma ta ɗaga murya suna amsawa. Wannan shi ne amada, kiɗan mata a biki da suna, wanda Uwaliya Mai Amada ta shahara da shi a Kano kafin ita.

Wasu sun ce bakinta ya yi kaifi a zancen kishiya da zaman aure. Ni kuwa malama nake ganinta. Ta daɗe tana kiran mata su kama sana'a, ko ƙuli-ƙuli ne ko dakau, don kada su zauna jiran abin hannun miji. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun ji, sun kama.

Allah Ya jiƙanta da rahama.