Wa Ake Gaskatawa Kan Abin da Ke Faruwa a Aji?

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango

 

An ɗora mana yin magana kan karatun digirin digirgir da ake ɗaukar nauyinsa, musamman a fannin falsafa. Mun san akwai mai cewa a ransa: albashi bai kai tsakiyar wata ba, ina ruwanmu da falsafa? Muna roƙon haƙuri kaɗan, domin tambayar da muka zo da ita a ajinmu ta tsiro.

Duk malamin da ya shekara biyar a ƙauyukan Ɗanbatta ya san cewa da zarar damina ta kankama, aji kan rame. Yara maza suna gona wajen noman firi da maimai, in kaka ta yi kuma ga girbin gero da cirar gyaɗa. A garuruwan da ke kusa da madatsar ruwa ta Tomas, noman rani kan sake ɗebe wasu. Malami ya san gidan da za a je a yi magana da uba, ya san gidan da sai an bi ta wurin liman, ya san yarinyar da ba ta zuwa sai ta sayar da tallarta. Wannan ilimi ne, an kuma same shi da shekaru. Amma mun sha gani, baƙo ya zo duba makaranta, ya buɗe rajista na minti goma, ya rubuta cewa malamai ba sa ƙoƙari. Rahotonsa ne zai hau teburin manya. Bayanin hedimasta kuwa, da shi da babu duk ɗaya, sai a ce kare kansa yake yi.

Masana falsafa sun raɗa wa wannan abu suna. A shekarar 2007 wata masaniya 'yar Birtaniya, Miranda Fricker, ta wallafa littafi mai suna Epistemic Injustice, inda ta nuna cewa ana iya zaluntar mutum a matsayinsa na mai sani, ko da ba a taɓa dukiyarsa ko jikinsa ba. Ta kasa zaluncin gida biyu. Na farko shi ne a rage wa maganar mutum nauyi saboda ko shi wane ne, ba don maganar ta rasa hujja ba. Na biyu ya fi ɓoyuwa: mutum yana fama da wani abu, amma al'umma ba ta tanadi kalmomin da zai bayyana shi a fahimce shi ba. Malamin da ke gaban yara fiye da ɗari ya san cewa abin da yake yi ya sha bamban da koyarwar da aka karanta masa a kwaleji. Sai dai takardar da aka ba shi ya cike ba ta da gurbin faɗin haka. Tambayarta kawai, an gama manhaja ko ba a gama ba.

Hausawa sun riga sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da falsafa ta ƙara shi ne bin diddigin dalilin da ya sa ba a tambayar mai ɗakin, da kuma wanda ke cin gajiyar rashin tambayar tasa.

A wasu ƙasashe an ɗauki wannan bincike da muhimmanci. A birnin Oslo na ƙasar Norway akwai cibiya guda a jami'a wadda aikinta nazarin sana'o'i irin su koyarwa da jinya: mene ne masu su suka sani, kuma yaya ake auna adalcin hukuncin da suke yankewa. A can, mai karatun digirin digirgir ma'aikaci ne da ake biya albashi shekara uku ko huɗu. Ba sai ya sayar da gonar gado ba kafin ya yi tunani.

Mu dawo gida. A nan ma ana ɗaukar nauyin irin wannan karatu, sai dai a duba ga wa. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993, bayan yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta 1992, da farko ya haɗa har da firamare da sakandare. Dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, ta kuma taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati. Saboda haka malamin kwalejin ilimi ta tarayya da ke Bichi, maƙwabtanmu, yana iya neman asusun ya biya masa karatu har digiri na uku. Ba ma yi masa hassada, haƙƙinsa ne. Amma ɗaliban da ya koyar, in sun fito gwajin koyarwa, hannun wa ake damƙa su? Hannunmu. Mu ke nuna musu yadda ake riƙe aji, mu kuwa ƙofar asusun a rufe take gare mu. Kasonmu yana ƙarƙashin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, kuma abin da ya fi iso mana daga can shi ne bita ta 'yan kwanaki. A bita ana gaya mana ne. Ba kasafai ake tambayarmu ba.

Sakamakon haka, mu ake bincike a kanmu, wasu ke rubutawa. Ɗalibin jami'a kan zo da takardar tambayoyi, mu cike, ya tafi, ya zama dakta. Abin da muka faɗa ba ya zama ilimi sai ya fito daga bakin wani.

Akwai ƙorafin da za a yi mana, kuma yana da ƙarfi. Za a ce duk malamin firamaren da ya sami digirin digirgir ba zai ƙara taka ajin 'yan shekara bakwai ba, jami'a zai nufa. Gaskiya ne, mun ga hakan ko a masu digiri na biyu. Amma wannan laifin tsarin da bai tanadi matsayi ga malamin aji mai zurfin ilimi ba ne. Maganinsa a ɗaure tallafin da sharaɗin dawowa, a kuma yi wa mai dawowar mazauni. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Tun da dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun aikin malami zuwa 40, ko ya cika 65 da haihuwa, malamin da ya tafi karatu yana ɗan arba'in yana da sauran shekaru fiye da ashirin da zai biya bashin.

Kada kuma mu wanke kanmu. Zaluncin da muke kuka da shi, mu ma muna aikata shi. Sau nawa malama ta kawo shawara a taron malamai aka wuce, sannan namiji ya maimaita ta aka ce madalla? Sau nawa uba manomi ya gaya mana ɗansa ba ya gani sosai, muka ce lalaci ne? Alaramman da ya iya sa yaro ɗan shekara goma ya zauna ya haddace izu bayan izu, mun taɓa tambayarsa yadda yake yi? In har za a tura ɗayanmu ya yi bincike, waɗannan tambayoyi ma suna cikin kayansa.

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne lokacin da ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940, uwar ƙungiyarmu ta ƙasa kuwa tun 1931 take. Neman a saurari malami ba yau aka fara ba. A watan Yunin 2024 gwamnatin jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi, kuma jihar ta daɗe tana tura matasa ƙasashen waje ƙaro karatu. Abin da muke ba reshe shawara ya nema ta hannun ofishin ƙungiya na jiha shi ne a ware gurabe, ko da kaɗan ne, ga malaman da ke cikin aji yanzu, tare da izinin tafiya karatu da cikakken albashi. A zaɓe su ta hanyar da kowa zai gani, domin tallafin nazarin adalci da aka raba ta hanyar sanayya abin dariya zai zama.

Kafin nan, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Muna roƙon kowace makaranta ta buɗe littafi guda, a riƙa rubuta makon da yara suka ragu, da dalilin da iyaye suka bayar, da abin da aka gwada, da abin da ya biyo baya. A zo da littattafan taron zango mai zuwa, mu haɗa su, mu maƙala a jikin takardar da za mu aika Kano.