Bakin ɗalibi da ƙofar makaranta

 

Kwanan baya wani makiyayi ya same ni ransa a ɓace. Shanu biyu ya sayar ya kai ɗansa jami'a, sai ga shi wajen muhawarar ɗalibai wani ya miƙe ya ce Fulani ne masifar Agogo, a kore su. Ya ce da ni, "Malam, ba mai rufe bakin yaron nan?"

Na ce, Alhaji, bi a hankali. Sashe na 21 na tsarin mulkin Gana na 1992 shi ya ba wancan yaro bakin magana, shi ne kuma ya ba ɗanka damar miƙewa ya mayar masa da amsa, ya yi sallarsa a fili. Ranar da aka danƙa wa hukumar makaranta almakashin yanke harshe, kana jin da harshen masu rinjaye za ta fara?

Ban ce maganar ba ta da zafi ba. Dattawan Zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ce baƙi marasa takarda su fita, aka loda mutane a manyan motoci. "A kore su" ba wasa ba ce a kunnenmu.

Amma ku duba inda doka ta ja layi. A 2021 makarantar sakandare ta Achimota ta ƙi karɓar Tyrone Marhguy, ɗan Rasta, saboda gashinsa. Wasunmu har dariya suka yi, wai ina ruwanmu. Babbar kotun Accra ta ce a karɓe shi. A shekarar nan dai aka hana ɗaliba Musulma azumi a Wesley Girls ta Cape Coast. To, ashe da ruwanmu.

In ɗalibi ya ce shanu sun ci gona, ɗanka ya amsa masa da hujja, don wani lokaci sun ci ɗin. In kuwa an hana shi ɗakin kwana, ko malami ya kayar da shi don shi Bafulatani ne, wannan sashe na 17 ya haramta. Ya rubuta rana da wuri da shaidu, ya kai ofishin kula da ɗalibai. In an yi shiru, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ tana da ofis a Kumasi, kuma shigar da koke kyauta ne.