Hoton Zuci da Gaskiya: Jawabi a Taron Shekara

Zan yi magana ne a kan hoton zuci, wato surar da mutum ke gani a ransa ba da ido ba.

A 1641 masanin falsafar nan na Faransa, Descartes, ya nuna cewa hoton zuci daban, hankali daban. Hankali zai gane siffa mai gefe 1,000, amma zuciya ba ta iya zana ta sosai. A ganinsa, kuskure na zuwa ne idan mutum ya yi gaggawar amincewa da abin da bai fahimta ba, alhali yana da ikon dakatawa.

Spinoza, wanda aka haifa a Amsterdam a 1632, ya san koyarwar Descartes ciki da bai, har ya wallafa sharhinta a 1663. Amma a littafinsa Ethics, wanda ya fito a 1677 bayan rasuwarsa, sai ya ce wannan ikon dakatawa babu shi. Da zarar hoto ya shigo zuciya, da amincewarsa yake tafe, sai fa in akwai wani sani da zai ture shi. Ya ba da misali da rana: muna ganin ta kamar nisanta ƙafa 200 ne, kuma ko mun san ainihin nisan, haka za mu ci gaba da ganin ta. Laifin rashin sani ne, hoton kuwa aikinsa ya yi.

Na ga haka a ofis. An taɓa raɗa mini cewa wani ƙaramin ma'aikaci ne ya ɓatar da fayil. Nan take na ga ɓarawo a fuskarsa, na rubuta masa takardar tuhuma. Bayan mako biyu aka tsinci fayil ɗin a durowata. Na ba shi haƙuri, amma wallahi har yau in na gan shi, tsohon hoton ne ke fara faɗo mini.

Saboda haka, 'yan'uwa, da yawanmu yanzu muna sa hannu a kan makomar mutane. Kada mu dogara da cewa za mu iya danne zato da ƙarfin hali. Mu nemi hujja tukuna, domin zato zunubi ne.