Mai Jegon da ke Zaune a Bakin Ƙofa



A ɗakin jarirai marasa lafiya idon kowa na kan jinjiri: nauyinsa, numfashinsa, ɗumin jikinsa. Haka ya dace. Sai dai a waje akwai mai jego kan benci, wataƙila ɗinkin tiyata bai kame ba, an shige da bakwaininta an sa a kwalba, ba wanda ya ce mata uffan. A kanta zan yi magana.

A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kwalabe suka yi wa Dakta Edgar Rey kaɗan, sai ya riƙa ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata. A 2021 aka buga binciken da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Nijeriya, a asibitin koyarwa na Ile-Ife. An gano cewa fara wannan runguma tun daga haihuwa ya rage mutuwar jariran da ba su kai kilo 1.8 ba da kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka. Ke nan uwa ta shigo ɗaki, kuma ta zama cikin maganin. To, mu ma'aikatan lafiya, wa ya koya mana yadda za mu yi da ita?

Wasu na cewa tausayi hali ne, ba a koyar da shi. Ban yarda ba. Ana koya wa nas sa robar ƙarin ruwa a jijiyar da ƙyar ake ganinta; koya mata ta ja kujera ta zauna kafin ta faɗi labari mai nauyi bai fi wannan wuya ba. A gaya wa uwa cewa shuɗin hasken nan maganin shawara ne, an rufe idon yaron ne don kariya, robar hancinsa kuwa nononta ne ke bi ta ciki. Uwar da hankalinta ya tashi nono na iya ƙin zubowa, kuma nonon nan shi muke nema.

Mu da muka san gida, mun san alkunya. Mai haihuwar fari ba za ta tambayi lafiyar ɗanta a gaban surukarta ba, sai mu ɗauka shirunta natsuwa ne. A keɓe ta a tambaye ta, akwai ma tambayoyi goma na Edinbara, tun 1987, don gano damuwar bayan haihuwa. Uban yana can yana neman kuɗin magani, suna ya matso, kaka ta ce a tafi gida. Idan ba a zauna da su ukun ba, takardar sallamar dole za ta biyo baya, mu ce jahilci ne.

Ma'aikatan su ma mutane ne. Nas ɗin da jinjiri ya rasu a hannunta da asuba, tana buƙatar wanda zai saurare ta kafin ta koma aiki.

Roƙona ga makarantun koyon jinya da ungozoma shi ne a sa wannan cikin manhaja, a yi gwaji a kai, a ba da maki. A takardar miƙa aiki kuma a ƙara layi ɗaya: wa ya yi wa iyayen bayani yau, kuma me ya gaya musu.