Wurin Wa Za Mu Sayi Kwamfuta?

 

Abin da ya sa muka roƙi a ba mu fili yau, wani al'amari ne da ya sami wata uwa cikinmu. Ba mu faɗin sunanta, da yawanku sun sha kokonta da asuba. 'Yarta ta sami shiga jami'a, aka ce lalle ta zo da kwamfutar tafi-da-gidanka, watau wadda a ke naɗewa a sa a jaka. Uwar ta kwashe adashin da ta daɗe tana zubi, suka shiga gari, suka tarad da wani mutum da tebur a bakin shagon wani. Ya fito musu da kwali mai kyau, ya ce sabuwa ce fil, ya yi musu rangwame har suka yi masa godiya. Ba a yi mako uku ba sai ya zama in an ɗauke wuta ita ma kwamfutar ta mutu nan take. Suka koma, ba mutum ba tebur. Mai shagon ya ce shi haya kurum ya ba shi, bai san gidansa ba. Takardar shaida kuwa ko ɗaya babu a hannunsu. Da wani yaronmu ya bincika lambar injin, ashe an ƙera shi shekaru da dama da suka wuce, goge shi aka yi aka sa cikin kwalin wani.

To, jama'a, tun da aka soma karatun sakandare kyauta a ƙasar nan cikin 2017, 'ya'yan zango da ke kaiwa manyan makarantu sai ƙaruwa su ke yi, kusan kowanensu kuma za a ce ya zo da wannan na'ura. 'Yan kasuwarmu ma sun soma ajiye lissafi a cikinta. Sabo da haka abin da ya sami uwar nan yana jiran wani gidan.

Mun lura duk wanda ya tashi saye, tambayarsa ta fari ita ce, wace iri ce mai kyau, HP ko Dell ko Lenovo? Mu kuwa muna ganin akwai tambayar da ta riga wannan. Kamfanonin nan duka suna yin mai ƙarko, suna kuma yin ta masu ƙaramin ƙarfi, kowanne kuma a kan sami wadda ta zo da aibi tun daga ma'aikata. Abin da ba ya cikin kwali shi ne mutumin da za ka koma wurinsa ran da abu ya lalace.

Wannan ba sabon ilmi ba ne gare mu. Kakanninmu da su ke tahowa daga Kano da Sakkwato neman goro a Salaga, da waɗanda suka gangaro Kumasi bayan yaƙin Salaga na 1892, ba su ciniki da wanda suka tarar a hanya. Baƙo ya kan sauka wurin mai gida, mai gida ya haɗa shi da dillali, in an ba da bashi shi ne ya tsaya. Dalili kuwa, mai gida ba shi da inda za shi. Gidansa na nan, sunansa na nan, in ya ci amanar falke ɗaya bana, baɗi ayari ba ya sauka ƙofarsa. Mu da muka gaji wannan a cinikin goro da shanu, mamaki ne a ce ranar sayen kwamfuta mu miƙa kuɗin shekara ga wanda ba mu san ko sunan ubansa ba.

Don haka a nemi kanti mai ƙofa, wanda ya yi shekaru a wuri guda, ko a Adum ne ko a Ankara. A tambayi maƙwabtansa, a tambayi masu gyara, gama su ne suka san kantin da kayansa ke yawan dawowa. Sa'an nan kafin a yi maganar kuɗi a yi wa mai kanti tambaya guda: in ta lalace cikin wata uku, wa zai gyara, a ina, da kuɗin wa? Ku saurari amsar da kyau. Sabuwar kwamfuta ta kan zo da garantin kamfani, galibi na shekara ɗaya. Amma garantin nan sau da yawa na yankin da aka yi nufin sayar da ita ne. Wadda wani ya sayo a Amurka ya shigo da ita cikin akwatinsa tana iya zama sabuwa da gaske, amma wakilin kamfanin a nan ya ce ba ruwansa. Ba mu ce kada a sayi irin wannan ba. In mai kanti ya faɗi gaskiya, ya ce garantin nawa ne ni kaina, wata shida, ya rubuta ya sa hannu, to ciniki ne, kowa ya san inda ya tsaya. Wanda ya ce, haba, ai wannan ba ta lalacewa, ku yi masa sallama ku fita.

Rasit kuwa kada a raina shi. Ba guntun takarda mai cewa kwamfuta ɗaya kuɗi kaza mu ke nufi ba. A sami sunan kanti da inda ya ke, da ranar ciniki, da irin injin, da lambarsa ta musamman wadda ke rubuce a ƙarƙashinsa, a kuma rubuta cewa sabo ne. Kantin da ya yi rajistar harajin VAT da hukumar haraji ta ƙasa zai ba ku rasit na hukuma, ko da ya ke kuɗinsa zai ɗan ɗara. Dokar cinikin kaya ta Gana ta 1962 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da bai bayyana ba, in ba irin wanda mai saye ya kamata ya gani ba ne sa'ad da ya duba. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe suna karantar da mu cewa wanda aka ɓoye wa aibi yana da ikon mayar da kaya. Amma ko gaban alƙali ko gaban Sarkin Zango, abin da za a fara tambayarka shi ne, ina shaidarka?

Lambar nan da muka ambata ita ce ta tona asirin mai tebur, kuma kowa na iya yin abin da yaron nan ya yi, a cikin kanti, kafin kuɗi su fita aljihu. A kunna injin a ga ko lambar da ya nuna ta yi daidai da ta ƙarƙashinsa da ta jikin kwali. Sa'an nan a ɗauki waya a shiga shafin kamfanin, a rubuta lambar, zai nuna ranar da garanti ya soma da ranar da zai ƙare. In ya riga ya ƙare, magana ta ƙare, ba sabo ba ne. Batir ma yana ba da shaida. Akwai umurnin da a ke rubutawa cikin Windows, powercfg /batteryreport, sai ya fito da ƙarfin da aka yi batirin da shi da kuma ƙarfin da ya rage masa. Sabo, lissafin biyu kusan ɗaya ne. Mai kantin kirki ba ya jin haushin wannan bincike, wani ma shi zai jawo muku kujera.

Akwai wata dabara da a ke yi da suna, wadda ta ci mutane da yawa. Za a ce muku, wannan fa i5 ce, kamar an gama magana. Alhali kamfanin Intel ya soma wannan suna tun 2009, ya yi ta fitar da sabon zubi da sunan nan guda. Sai an dubi lambobin da ke biye. Wadda aka rubuta i5-6200U zubi na shida ce, ta 2015. Wadda aka rubuta i5-1235U zubi na goma sha biyu ce, ta 2022. Kamar a ce maka saniya ce, ba a faɗa maka karsana ce ko tsohuwa ba. Abin da ya sa wannan ya yi nauyi, ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe kulawar da ya saba yi wa Windows 10, Windows 11 kuwa galibi ba a yarda da ita ba sai a zubi na takwas zuwa sama. Ga ɗalibi, kada ƙwaƙwalwar aikin injin ta kasa giga 8, ma'ajinsa kuma ya zama irin wanda a ke kira SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. A dubi madannai kuma, gama wadda ta biyo ta Lome ko Abijan ta kan zo da jerin haruffan Faransanci, yaro ya nemi A ya sami Q.

Kada wani ya ɗauka muna zagin 'yan gwanjo. Waɗanda a ke kira hom-yus, in an sayar da su da sunansu da kuɗinsu, ba laifi, wata ma ta fi sabuwa mai arha ƙarko, don kamfanonin Turai su kan sayi masu ƙarfi wa ma'aikatansu. Laifin shi ne a sayar da tsohuwa da kuɗin sabuwa. Sai dai a kula da wadda ke neman kalmar sirrin wani, ko ta nuna sunan wani ofis da an kunna ta. Wataƙila ta sata ce, karɓar kayan sata da sani kuwa laifi ne a dokar ƙasar nan.

Batun kuɗi ba za mu daɗe ba, ku ne malamansa. A zaga kanti uku ko huɗu a tambayi inji iri ɗaya, da lamba ɗaya. Kayan nan da dala a ke shigo da su, shi ya sa kuɗinsu ya yi tsalle cikin 2022 sa'ad da sidi ya faɗi, shi ya sa kuma masu gaskiya ba su da babban bambanci a tsakaninsu. In uku sun yi kusa da juna, na huɗu ya zube ƙasa ƙwarai, akwai abin da ya rage bai faɗa ba. Masu talla a waya kuma, da ke cewa a aiko da kuɗi ta momo tukuna a kawo kaya har gida, ba a cinikin biri a sama. Kantuna na gaskiya ma suna talla a waya, amma suna da ƙofar da za ka je ka tsaya.

Ga abin da muka shirya. Duk wanda ke nufin saye kafin makarantu su koma, ya ba magatakarda sunansa bayan an tashi. In mun kai biyar ko shida za mu tafi kanti ɗaya tare, don mai sayen shida ba a yi masa kuɗin mai sayen ɗaya. Samari biyu da suka san aikin sun yarda su raka mu ba da la'ada ba, sai kuɗin mota. Rasit kuma, wanda ya so, ya kawo a ɗauki hotonsa a ajiye a ofis, don mun san yadda takarda ke ɓacewa a gidan yawa. Uwar nan da muka ba ku labarinta ita ce ta fara rubuta sunanta, akwai kuma faranti a bakin ƙofa dominta.