Ruwan da Ya Ci Gida a Sabuwar Unguwa: Alhakin Wa?



Mu da muka tashi a kwarin gulbin Rima ba baƙin ambaliya ba ne. A watan Satumba na 2010, sa'ad da ruwa ya yi wa madatsar Goronyo yawa, ya malalo ya shafe garuruwa da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi, har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A daminar 2020 kuma fadamun shinkafa na Argungu da Augie da Birnin Kebbi suka nutse ana dab da girbi. Wannan ruwan gulbi ne, maganarsa doguwa ce. Wanda ya tara mu yau shi ne ruwan sama na sa'a biyu a watan Agusta, wanda yakan sauka a sabuwar unguwa ya rasa hanyar fita, ya shiga ɗaki ya jiƙa katifa da buhun gero, ya kwanta a gindin katanga har ta faɗi. Da gari ya waye sai a zo jaje, a ce ikon Allah ne. Lalle ikon Allah ne, ba mu musu. Amma ruwa bai taɓa sake halinsa ba, gangare yake bi. Wanda ya tare masa gangaren mutum ne, yana da suna, yana kuma da sa hannu a takarda.

Bari mu bi takardar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, shi ke ba da takardar mallakar fili a birni. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo, aka yi ta yanka fulotai a wuraren da dā gonaki ne da kwazazzabai da kududdufai. Tsara birni aikin jiha ne, haka Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cikin ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, kuma a nan akwai hukumar raya birane, watau KUDA. Sa'an nan Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina magudanun ruwa da kula da su da kwashe shara cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma. To, kun ga inda gizo ke saƙa. Jiha ta yanka fili, Ƙaramar Hukuma ke da lambatu a rubuce, ɗan kwangila ya gina titi ya ɗaga shi sama da dokin ƙofar mutane. Ranar da ruwa ya shigo, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa, mai gida kuwa yana tsaye da bokiti.

A ganinmu alhaki na farko yana kan wanda ya yanka unguwar, hukuma ce ko mai sayar da fulotai. Shi ya aiko da safiyo, shi ya ga kwanciyar ƙasar tun tana fili, shi ya karɓi kuɗi. Mai sayen fuloti a watan Maris, ƙasa a bushe ƙamas, ta yaya zai san cewa a tsakiyar hanyar ruwa aka kafa masa turaku? Ga kuma abin da ɗaliban injiniya za su tabbatar mana: gona takan shanye ruwa mai yawa, amma kwanon rufi da siminti da kwalta ba sa shan komai. Saboda haka kwalbatin da ya isa sa'ad da gidaje goma ne ba zai isa gidaje ɗari uku ba, ko da ruwan bana bai fi na bara ba.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ɗaliban lauya suka sani. A garin Greenock na ƙasar Sikotlan hukumar gari ta sake wa wani rafi hanya don ta gina wa yara wurin wasan ruwa. Aka yi ruwan da ba a saba gani ba, rafin ya tumbatsa ya yi wa kamfanin jirgin ƙasa ɓarna. Hukumar ta ce wannan daga Allah ne. A 1917 babbar kotun Birtaniya ta ƙi karɓar uzurin, ta ce wanda ya taɓa hanyar ruwa wajibi ne aikinsa ya iya ɗaukar abin da tsohuwar hanyar za ta ɗauka. Kotunanmu sukan duba irin waɗannan hukunce-hukunce. Ba ma sai mun je Turai ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da hana mutum ya cutar da maƙwabcinsa ta hanyar gini, kuma kowane yaro a tsohon garin Argungu ya san ba a juya indararo ya zuba a katangar wani.

Kada mu wanke kanmu. Cikinmu akwai waɗanda iyayensu suka ciko fulotinsu da jar ƙasa har ya fi na maƙwabta tudu, suka tura musu ruwan. Akwai mai shagon da ya rufe lambatun ƙofarsa da siminti don ya sami wurin ajiye benci. Ledar ruwan da muka sha muka yar kuwa, ita ce a bakin kwalbati. Duk wannan alhaki ne, sai dai bai kai na wanda ya amince da taswirar unguwa babu magudana ko ɗaya a jikinta ba.

Ku kuma sababbin ma'aikata, nan da 'yan shekaru fayil ɗin a teburinku zai sauka. Za a kawo muku taswira a ce Oga yana jira. Ku nemi a nuna muku inda ruwan unguwar zai bi da inda zai ƙare. In babu amsa, ku rubuta haka a fayil, ku sa kwanan wata.

Wanda ruwa ya riga ya ci wa gida, ya sani buhun shinkafa da tabarmar da hukumar agaji kan raba taimako ne, karɓarsu ba ta soke haƙƙinsa na neman diyya. Ya ɗauki hoton alamar ruwa a bango kafin ta bushe, ya adana takardun filinsa, ya haɗa kai da maƙwabta su rubuta koke guda. Ya kuma hanzarta ganin lauya, domin dokar kare ma'aikatan gwamnati wata uku kacal ta ba mai ƙara a mafi yawan lokuta, mu kuwa mukan ɓata wata ukun muna karɓar jaje.